Romo Ya Saura, Burodi Ya Ƙare

Shekara talatin da huɗu Hindurao ya yi yana zagaya tebura da bokitin romo a gidan misal na Anna Ghorpade, kuma a duk tsawon shekarun nan babu wanda zai ce kwanonsa ya taɓa bushewa a gabansa. Abin alfaharinsa ke nan a duniya. Wasu mazan gonar rake gare su, wasu ɗa a Dubai. Shi bokiti gare shi, na farin ƙarfe, da ludayin da tafin hannunsa ya cinye wa mariƙi har ya yi santsi kamar sabulu.

A Kolhapur in ka zauna cin misal, kuɗin kwano ɗaya za ka biya: ƙananan wake masu tsiro a ƙasa, soyayyen ƙulli mai ƙaras-ƙaras a sama, albasa, lemon tsami, ga yankan burodi biyu a gefe. Kana son ƙarin burodi, ka sa hannu a aljihu. Amma romo, jan romon nan da mai ke yawo a kansa, wanda ke sa ƙato hawaye yana murmushi, ba a sayar da ƙarinsa. Ko sau goma ka ɗaga kai, zuba maka za a yi. Haka muka tashi muka tarar, kuma ba wanda ya taɓa tambayar dalili, kamar yadda ba a tambayar kogin Panchganga dalilin gangararsa.

Da Anna ya mutu, 'ya'yansa biyu, ɗaya likitan haƙori a Pune, ɗayan ko shayi bai iya dafawa ba, suka sayar wa wani kamfanin Mumbai da shagon, da sunan, da hoton tsohon da ke jikin bango. Kamfanin yana da rassa arba'in da biyu a faɗin jiha. Abin da ya fara yi shi ne rataya wa hoton Anna furen roba, don a huta da sayen sabo kowace safiya.

An ce wai in babban kamfani ya karɓi harka, kaya kan yi araha, tunda shi da yawa yake saye. Wanda ya fara faɗin wannan magana da alama a gida yake cin abinci. Kwanon rupi hamsin ya koma tamanin, wai an sa sababbin kujeru. Ya koma ɗari da goma, wai albasa ta yi tsada. Da albasar ta sauko kuwa ba a samu wanda ya sanar da Mumbai ba. Yanzu ɗari da talatin ne. Lemon tsamin da ake rabawa huɗu aka koma rabawa takwas. Burodi ya yi ta ramewa kamar mai jinya, har wata rana wani ya ɗaga yanki ɗaya saitin taga ya ce yana hango babur ɗinsa ta ciki.

Wanda ya fi ciwo shi ne na kicin. Shalan, matar Hindurao, ita ke dafa romon gidan tun tana amarya. Shekara biyu da suka wuce aka ce ta huta, domin yanzu romo daga masana'anta yake zuwa, a daskare cikin leda. A yaga, a zuba ruwan zafi, a juya. Ja dai ja ne, yaji kuma akwai shi, irin yajin da ke marin harshe ya wuce bai bar saƙo ba. Mutane suka yi ƙorafi, suka ci gaba da zuwa. Hindurao ya ci gaba da zubawa.

Sai ranar wata Asabar, bayan cinkoson safe ya lafa, manaja ya kira shi.

Nilesh sunan manajan, ɗan shekara ashirin da bakwai, daga Mumbai aka turo shi. Ba mugu ba ne. Wayarsa ce dai ke da mugunta, don duk sa'ad da ta yi ƙara sai ka ga ya miƙe tsaye yana "to, ranka ya daɗe" kamar mai maganar yana ganinsa. Kuma ba ya iya cin yaji. Kowa a shagon ya san da rana yakan shige ɗakin ajiya ya ci shinkafa da kindirmo a ɓoye, kowa kuma yana yi kamar bai sani ba.

"Kaka, zauna," in ji shi, don haka ake kiran dattijo a garin.

"Ina aiki, Saheb," in ji Hindurao, wato maigida.

"Zauna dai. Maganar aikin ce."

Ya ɗora wani ɗan kofin roba a kan tebur, bakinsa a liƙe da takardar gwangwani. Hindurao ya ɗauka ya jujjuya.

"Maganin tari ne?"

"Ƙarin romo ne. Daga Litinin, wanda ke so ya saya, rupi ashirin da biyar. Mumbai sun yi lissafi, Kaka. Sun ce duk ludayin da ka zuba asara ce."

"To bokitin fa?"

"Babu bokiti."

"Mai bokitin fa?"

Nilesh ya duba wayarsa, alhali ba ta yi ƙara ba.

"Za ka riƙa goge tebura zuwa ƙarshen wata. Daga nan za a ba ka haƙƙinka. Ka yarda da ni, ba ni na yanke ba."

Hindurao ya taka zuwa gida a ƙafa, duk da akwai bas. Shekararsa hamsin da tara. Ba wanda zai ɗauki tsoho aiki don ya iya zuba romo, ɗakin da suke ciki kuma na haya ne. Abin da ya rage shi ne su tattara su koma Sangli, gidan mijin 'yarsu Sunita, wanda ya daɗe yana cewa akwai ɗaki a bayan gida. Shi kuwa Hindurao irin iyayen nan ne na da, waɗanda ko ruwa ba sa sha a gidan da suka aurar da 'ya. Shekara tara da bikin, in ya je ziyara da gorar ruwansa yake tafiya.

Shalan tana tsince shinkafa a bakin ƙofa ta saurare shi har ya gama.

"To ai shi ke nan, Baban Sunita," ta ce. "Ni leda ta kore ni, kai kofi ya kore ka. Roba ce dai ta ci mu duka, ba mai yi wa wani gori."

"Wasa kike yi da maganar?"

"In yi kuka ne? Albasa ta yi tsada."

Ranar Litinin, ƙarfe takwas daidai, 'yan kokawa suka shigo daga atisaye kamar kullum, jar ƙasar fage ba ta gama fita daga bayan kunnuwansu ba. Su takwas ne, malaminsu a gaba: Wastad Sarjerao, ɗan shekara saba'in, mai kunnuwa a murɗe kamar soyayyen ƙulli, wanda tun zamanin Anna teburin kusa da taga nasa ne. Aka kawo kwanuka. Bai yi minti uku ba ya ɗaga kai.

"Hindya! Romo!"

Hindurao ya zo da tsumma a hannu. Ya nuna masa sabon allon da ke bango, ya nuna ɗan kofin.

Wastad ya karanta allon yana motsa leɓe, ya sake karantawa.

"Su sayar mini da romo? A Kolhapur? Gobe kuma in na ce ina kwana sai a miƙo mini rasit?"

"Umarni ne daga sama, Wastad."

"Sama ta allahiyarmu Ambabai ce. Wannan daga Mumbai ne."

Ba wanda ya sayi kofin. Ba don rashin kuɗi ba. Mutumin da ke biyan ɗari da talatin ba ashirin da biyar ce za ta gagare shi ba. Cin fuska ne kawai, kamar a karɓi kuɗin ruwan sha a gidan biki. Sai mutane suka koma ci da lissafi, kamar masu rabon gado. A gutsuri burodi kaɗan, a dangwala kaɗan, a auna da ido, har lomar ƙarshe ta share ɗigon ƙarshe. A miƙe, a biya, a fita. Cin da ke ɗaukar rabin awa ya koma minti bakwai. Hindurao yana gefe da tsummansa yana kallon kwanuka suna bushewa ɗaya bayan ɗaya, ludayi na yi masa ƙaiƙayi a hannun da babu shi.

Kafin mako ya zagayo, akwatunan burodi sun taru a ɗakin ajiya har sun tare taga. Na ƙasa suka fara funfuna, suka yi kore. Shanun unguwa, waɗanda ake zubar wa ragowar a bayan shago, suka yi ƙiba har ana tambayar masu su abin da suke ba su.

Wayar Nilesh ta shiga ƙara ba dare ba rana. Ashe reshen Kolhapur ya saba sayar da burodi ninki uku na kowane reshe, kuma a burodin nan ribar take, ba a kwanon ba. Mumbai suka zauna taro, suka gano cewa mutane sun manta da burodi ne, suna bukatar tuni. Suka aiko da babban hoto na wani yankan burodi mai idanu da baki yana murmushi, aka manna shi kusa da Anna. Mutane suka kalle shi, shi ma ya kalle su.

Ranar Alhamis ta mako na biyu, saura kwana uku wata ya ƙare, Hindurao ya shiga ɗakin ajiya ɗauko tsintsiya, ya tarar da Nilesh zaune a kan akwatin burodi, shinkafarsa da kindirmo a buɗe bai taɓa ba.

"Sun ce in ban gyara ba, ni ma in nemi wani aikin," ya ce, bai ɗago ba. "Na rage farashi, na sa hoto, na ce wa masu kai abinci su riƙa tallata shi. Me ya samu mutanen garin nan, Kaka? Rana ɗaya kowa ya tsani burodi?"

Hindurao ya tsaya da tsintsiya a hannu. Akwai maganar da bai taɓa faɗa wa kowa ba, har Shalan. Ya leƙa ta ƙofa ya kalli hoton Anna da furensa na roba, ya tuna gorar ruwansa da ɗakin bayan gida a Sangli. Ya janyo akwati ya zauna.

"Saheb, ka taɓa lura da lokacin da nake zuba romo?"

"In mutum ya nema mana."

"Wanda ke jira a nema ai ba mai bokiti ba ne, ɗan aike ne. Shekara guda cur na yi a gidan nan Anna bai bar ni na taɓa ludayi ba. Ya ce in tsaya in yi kallo. Ya ce kada ka kalli kwano, Hindya, burodi za ka kalla. In ka ga loma ɗaya ta rage a hannun mutum, a lokacin za ka cika masa kwano."

"Don me?"

"Ɗan Kolhapur ba ya tashi ya bar romo a kwano, kakarsa za ta fito masa a mafarki. Ba ya kuma kurɓarsa haka nan kamar shayi. To ga romo ya saura, burodi ya ƙare. Me zai yi?"

"Ya kira burodi."

"Aka kawo biyu. Kafin ya cinye na biyun romo ya yi ƙasa. Gaya kuwa ba ya ciwuwa. Sai in zo in zuba, in kuma zuba fiye da abin da ragowar burodin zai iya ɗauka."

Nilesh ya ɗago kai a hankali.

"Har zuwa yaushe ke nan?"

"Har sai wando ya yi magana."

Saurayin ya kalli akwatunan da suka tare taga.

"Wannan ba ya cikin littafin horon kamfani."

"Anna bai iya rubutu ba, Saheb."

Nilesh ya ba shi safiya biyu ya dawo da bokiti, Juma'a da Asabar, ba tare da Mumbai ta sani ba. In burodi ya motsa, zai kira su ya yi musu bayani, ko da kuwa za su cinye shi ɗanye. In bai motsa ba, kowa ya kama gabansa.

Hindurao ya goge bokitin da tsamiya da toka har yana ganin gashin bakinsa a ciki. Ranar Juma'a ya cika shi da romon leda, ya fito yana taku kamar ango. Shagon bai cika ba, don mutane da yawa sun ɗauke ƙafa, amma 'yan kokawa suna nan, kuma da suka hango bokiti sai suka hau buga tebur.

Ya zuba na farko. Ya koma gefe yana kallon hannun Wastad. Burodi na biyu ya yi rabi, ya yi kwata, ya zama loma ɗaya. Hindurao ya matso, ya tsoma ludayi, ya ɗago.

Wastad ya ɗora tafin hannunsa a kan kwano.

"Ya isa, Hindya."

Ludayi ya tsaya a iska. A shekara talatin da huɗu an sha ce masa "kaɗan", an sha ce masa "kashe ni za ka yi?", amma ba a taɓa rufe masa kwano ba.

"Wastad, kyauta ne fa. Kamar da."

"Na sani. Zauna ka ji." Tsohon ya sassauta murya, abin da ba ya yi ko a jana'iza. "Shekara biyu muna shan ruwan ledar nan. Ba mu ke sha ba, sabo ne ke sha. Kana zubawa, muna dangwalawa, ba wanda ya tsaya tunani. To mako biyun nan da aka yanke mana, yaran nan suka ja ni wajen wata mata a bakin tasha, mai tebur biyu. Harshe ya farka, Hindya. Harshen da ya farka kuwa ba ya komawa barci don an ce kyauta ne. Mu yanzu don kai muke leƙowa."

A ranar, yanka goma sha ɗaya kacal aka ƙara a duk shagon.

Da la'asar Hindurao ya sami Shalan tana ninke kaya. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yaba tsabtar ɗaki, ya tambayi ƙafarta mai ciwo.

"Faɗi abin da ke bakinka, Baban Sunita. Rabonka da tambayar ƙafata tun bikin Diwali."

Ya faɗa. Tukunyar romo ɗaya za ta dafa, gobe kawai.

"In dafa wa waɗanda suka kore ni? Da yajina? Wanda na tsaya a rana na shanya, na bi layin injin daka tun asuba? Su je ledarsu ta cece su."

"Shi ke nan," in ji Hindurao. Ya janyo tsohuwar akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya hau kaɗe mata ƙura. "Gara mu fara shiri. Sangli ma ai gari ne. Kuma uwar mijin Sunita mace ce mai kirki, za ta koya miki girki. Kin tuna da ta ce miyarki ta ɗan so gishiri?"

Shalan ta ajiye zanin da ke hannunta.

"Matar da ke zuba sukari a miyar wake?"

"Za ki saba."

Ta taka kujera, da ƙafar mai ciwon, ta sauko da babban tulun yajin shekara, wanda ta haɗa da zafin bazara: barkono iri biyu, albasa, tafarnuwa, busasshiyar kwakwa, riɗi, da wasu abubuwa da ko Sunita ba a gaya wa ba tukuna. Da ta buɗe murfin sai da maƙwabciya ta yi atishawa ta bayan bango.

"Tafi ka samo mini man gyaɗa na gaske," ta ce. "Kuma ka mayar da akwatin nan inda ka ɗauko ta, tana tsone mini ido."

Ranar Asabar, bakwai da rabi, adaidaita sahu ta tsaya a ƙofar shago. Shalan ta sauko da manyan garewanin madara biyu, direba na taya ta yana hawaye. Nilesh ya tare ƙofa.

"Mawshi," ya ce, wato inna, "ki yi haƙuri, dokar kamfani ta hana shigo da abinci daga waje."

"Daga waje? Ni nake dafa romon gidan nan tun kana cikin tsumma. Ledarku ce ta zo daga waje. Matsa, ɗana, abin nan da nauyi."

Ya matsa. Har ma ya kama mata hannun garwa ɗaya.

Da aka juye a tukunya aka kunna wuta, ƙamshin bai tsaya neman izini ba. Ya fita ta taga, ya tsallaka titi, ya shiga shagon mai gyaran takalma, ya shiga layin masu jiran bas. Wani mai sayar da furanni da ya yi rantsuwa ba zai ƙara taka shagon ba ya leƙo, wai yana neman canji.

Wastad ya zo ne don kunya kawai, saboda Hindurao ya je har fage ya roƙe shi. Tun daga bakin ƙofa ya tsaya, hancinsa ya buɗe.

"Wa ke kicin?"

"Zauna dai, Wastad."

Lomar farko, tsohon ya rufe ido. Gumi ya tsattsafo masa a tsakiyar sanƙo, ya gangaro ta bayan murɗaɗɗen kunne. Hindurao kuwa ba fuskarsa yake kallo ba, hannunsa yake kallo. Rabi. Kwata. Loma ɗaya. Ya matso, ya ɗaga ludayi.

Hannun Wastad ya taso daga tebur. Ya tura kwanon gaba.

"Burodi!" ya daka tsawa. "Huɗu! Wannan takardar taku ai ba ta ɗaukar komai!"

Daga nan sai abin ya zama rawa. Hindurao na shawagi tsakanin tebura kamar ba shi ne mai ciwon gwiwa ba, yana zuba wa wannan, yana wuce wancan da gangan don lokacinsa bai yi ba, yana dawowa daidai sa'ad da loma ɗaya ta rage. Ko'ina kira ake, burodi nan, burodi can. Ramar burodin ma sai ta zama riba, don yanka biyu na yanzu ba su kai ɗaya na da ba. Kafin ƙarfe goma tagar ɗakin ajiya ta buɗe, haske ya shiga. Kafin sha ɗaya Nilesh da kansa ya hau babur ya tafi gidan burodi. Shanun unguwa suka zo bayan shago suka tsaya, suka gaji, suka tafi.

Da cinkoso ya lafa, Shalan ta fito tana goge hannu, ta dire kwano a gaban manajan.

"Mawshi, ni fa ba na iya..."

"Na sani, duk gari ya sani. Ci. Na sa maka kindirmo a gefe, tunda shi ne uwarka da ubanka."

Ya ci loma ɗaya, ya yi tari, ya sha ruwa, ya ƙara. Hawaye na zuba, hanci na zuba, yana ci. Da burodinsa ya zama loma ɗaya sai ya ga inuwar bokiti a kansa.

"Kaka, kar ka yi mini. Ni fa na san dabarar."

Hindurao ya zuba.

Nilesh ya kalli kwanon, jan mai na yawo a kai. Ya kalli 'yar lomar da ke hannunsa.

"A kawo biyu," ya ce da ƙaramar murya.

Yanka shida ya ci. Da wayarsa ta yi ƙara, a zaune ya amsa.

Kada a ɗauka Mumbai ta tuba. Kamfani ba ya tuba, hanya yake sakewa. Sun yi taro uku, sannan suka aiko da sabon allo mai cewa sun ƙirƙiro wani tsari na musamman don jin daɗin abokan cinikinsu: romo kyauta, ba iyaka. A rana guda kuma suka ƙara rupi uku a kan kowane yankan burodi. Ledar romo ba ta daina zuwa ba, tunda masana'antar tasu ce. Nilesh dai ya shaida musu cewa ruwan Kolhapur yana da wani hali, dole a ɗauki ƙwararriya mai gyara romon leda. Aka ɗauki Shalan. Gyaran da take yi masa shi ne ta bar shi cikin ledarsa. Daga baya ta gano yana korar kyankyaso, yanzu har maƙwabta ke zuwa roƙo.

Akwatin ƙarfe ta koma ƙarƙashin gado. Bokiti ya koma hannun mai shi. Amma wani abu ya yi ta damun Hindurao har kwana goma, kuma wata safiya, da 'yan kokawa suka tashi suka bar malaminsu yana ƙarasawa, ya zo ya tsaya a kansa.

"Wastad, akwai maganar da nake so in fitar. Na sayar da sirrin Anna don in ceci wuyana. Kuma ku ma ban kyauta muku ba. Zubawar nan da nake yi, ba alheri ba ne zalla. Shekara talatin da huɗu ina..."

"Kana jiran loma ɗaya ta rage."

Hindurao ya saki baki.

Wastad ya fashe da dariya har kwanon ya yi rawa a kan tebur.

"Kai Hindya, kai dai ba ka da wayo. Shekara hamsin ina koyar da kokawa, ka ɗauka ban san lokacin da ake sa mini ƙafa ba? Tun kana da gashi a kai na gane. Duk garin nan wa bai sani ba, in ban da 'yan Mumbai?"

"To me ya sa ba ku taɓa..."

"Akwai kayen da mutum ke zuwa nema da ƙafarsa. Anna yana cin riba, mu muna tashi da ciki cike, kowa ya san abin da ya kawo shi. Waɗannan kuwa so suke su kayar da kai ba tare da sun shiga fage ba." Ya harari sabon allon. "Rupi uku a kan burodin da ake hango babur ta cikinsa. Ɓarayi."

Ya ɗaga hannu. Loma ɗaya ce tsakanin yatsunsa.

"To me kake jira? Sai na rubuto maka takarda?"

Hindurao ya tsoma ludayi har ƙasa, inda yajin ke kwanciya, ya cika kwanon har baki.

"Burodi biyu a teburin taga!" ya ƙwala kira.

"Huɗu," in ji Wastad.